Tafin da Muka Yi wa Soja a 2010

Ranar Alhamis 18 ga Fabrairu 2010, bayan sallar azahar, muna zaune a fadarmu ta shan shayi a Maradi, an ɗora buta ta biyu a kan gawayi, sai wayar ɗaya daga cikinmu ta yi ƙara. Ƙanensa ne daga Yamai. Yana magana yana haki, ya ce ana harbi da manyan bindigogi a wajen fadar shugaban ƙasa, kowa ya rufe shagonsa ya kama hanyar gida. Muka kunna rediyo. Ba a jima ba gidan rediyon gwamnati ya ajiye shirye-shiryensa ya koma sa kiɗan soja, kuma duk wanda ya tashi a Nijar ya san abin da wannan kiɗa yake nufi. Da dare Kanar Goukoye Abdoulkarim ya fito a talabijin, sojoji tsaitsaye a bayansa, ya karanta cewa an dakatar da tsarin mulki, an rushe duk hukumomin da suka dogara da shi. An kama shugaban ƙasa Tandja Mamadou yana tsakiyar taron ministoci.

Na tafa. Na miƙe tsaye na tafa har tafin hannuna ya yi zafi, kuma ban ji a raina cewa ina aikata wani laifi ba. Shekara goma sha biyar da wani abu ke nan ina juya wannan tafi a zuciyata, kuma yau ina ganin kuskure ne. Sai dai kafin in faɗi dalili, dole in yi wa kaina da abokan fadarmu adalci, domin ba hauka ce ta sa mu murna ba.

Tandja da ƙuri'a ya hau mulki a 1999, da ƙuri'a ya sake dawowa a 2004. Mutanen karkara suna sonsa, kuma yana da abin nunawa: matatar mai ta Damagaram da aka aza tubalinta tare da 'yan Sin, gada ta biyu a Yamai, madatsar Kandaji, da tsayawar da ya yi da kamfanin Areva kan farashin yuraniyom. Wa'adinsa na biyu zai ƙare ranar 22 ga Disamba 2009, tsarin mulki kuma ya kulle ƙofar na uku da kwaɗo, ya ma ce wannan aya ba ta taɓuwa. Tun ƙarshen 2008 muka fara jin kalmar tazarce a bakin 'yan kanzagi, wai jama'a ce ke roƙon tsoho ya ƙarasa ayyukan da ya fara. Kalmar ma aro ce daga Najeriya, daga zamanin da jam'iyyu biyar suka haɗu suka ce Janar Abacha ne ɗan takararsu.

A watan Mayu 2009 kotun tsarin mulki ta ba da ra'ayinta cewa zaɓen raba-gardamar da yake son shiryawa ya saɓa wa doka. Ya rushe majalisar dokoki. A watan Yuni kotun, ƙarƙashin Madam Salifou Fatimata Bazeye, ta soke dokar kiran zaɓen. Kafin watan ya ƙare ya ba kansa ikon mulki shi kaɗai, sa'an nan ya rushe kotun ita ma, ya naɗa wata mai jin magana. Ranar 4 ga Agusta aka yi zaɓen. Na tuna yadda rumfar unguwarmu ta yini, ma'aikata suna zaune suna korar ƙuda, ba layi ba hayaniya. Aka ce kashi 92 cikin 100 sun amince a ƙara masa shekara uku, a kuma cire iyakar wa'adi. 'Yan adawa suka ƙaurace wa zaɓen majalisa na Oktoba, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, ta dakatar da Nijar, Tarayyar Turai ta tsayar da tallafi, Janar Abdulsalami Abubakar ya yi ta zarya Yamai yana sulhu, sulhu ya ƙi ci. Mutumin da ya rushe majalisa, ya rushe kotu, ya toshe kunne ga ƙungiyoyin ƙwadago, wace ƙofa ya bar mana? Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga, kuma da hannun Tandja aka tsaga bangon nan. Wannan ban canza ra'ayi a kansa ba.

A daren nan na shiga wurin kawuna, yayan mahaifiyata, tsohon malamin makaranta da ya fara aiki tun zamanin Diori Hamani. Na same shi a kan buzu, rediyonsa a gefe, carbi a hannu.

"Kawu, an gama da tazarce!" na ce masa.

Ya ɗago ya dube ni. "Zauna tukuna, ɗana. Wa ya gama da ita?"

"Soja, Kawu."

"To, ashe ba ku ne kuka gama da ita ba."

Na fara kawo masa dalilai, ya bar ni har na gaji. Sa'an nan ya ce a watan Afrilu 1974, da Seyni Kountche ya kifar da Diori, shi ma ya yi murna, domin ana cikin fari, mutane suna mutuwa da yunwa, hatsin agaji yana ɓacewa a hanya. Ya ce: "Wannan da aka kama yau, yana cikin hafsoshin da muka yi wa murna a lokacin. Har nan Maradi aka turo mana shi ya shugabanci jiha." Daga 1974 ɗin, sai 1993 ɗan Nijar ya ga zaɓen shugaban ƙasa mai 'yan takara da yawa. Na fita daga ɗakin ina ganin tsufa ne ya sa Kawu tsoron komai.

Abin da ya biyo baya kuwa kamar ni ya ba gaskiya. Salou Djibo, wanda ya jagoranci juyin, ƙaramin hafsa da kusan ba wanda ya san sunansa kafin ranar, ya yi abin da ya ce zai yi. Gwamnatinsa ta fito fili ta amsa cewa akwai yunwa a ƙasa a 2010, ta nemi agaji, alhali a 2005 Tandja ya musanta yunwar da kowa yake gani da idonsa a asibitocin yara na jiharmu. An hana 'yan majalisar mulkin soja tsayawa takara. An maido da Madam Bazeye ta shugabanci kotun riƙon ƙwarya. An kai sabon tsarin mulki gaban jama'a ranar 31 ga Oktoba 2010, aka yi zaɓe a Janairu da Maris 2011, Mahamadou Issoufou ya kayar da Seyni Oumarou, aka rantsar da shi ranar 7 ga Afrilu. Wata goma sha huɗu kacal. Duk mai son ya kare juyin mulki a Afirka, wannan ne misalin da yake fara ɗaukowa, kuma ba zan ce masa ƙarya yake yi ba.

Amma ko a cikin wata goma sha huɗun nan, da ƙyar aka sha. A watan Oktoba 2010 Salou Djibo ya sa aka kama mataimakinsa, Kanar Abdoulaye Badie, da wasu hafsoshi, bisa zargin suna shirya nasu juyin. Ma'ana, makomar mutum miliyan goma sha wani abu ta rataya ne a kan wanda ya riga wani a cikin bariki. Mun yi sa'ar mutumin kirki ne, kuma ƙasa ba ta rayuwa a kan sa'a.

Abin da ya fi damuna shi ne darasin da muka ɗauka. Tandja ya faɗi, amma ba kotu ce ta kayar da shi ba, ba yajin aiki ba, ba ƙuri'a ba. Alƙalan da suka tsaya a gabansa da ƙarfin hali sun sha kaye a idon kowa, masu tankar yaƙi suka gama aikin cikin 'yan sa'o'i. Yaron da ya kalli wannan ya koyi cewa kotun ƙoli ta gaskiya a ƙasar nan tana cikin bariki. Ɗan adawa ya koyi cewa bai kamata ya kashe kansa da wahalar shawo kan talaka ƙauye-ƙauye ba, ya isa ya dagula al'amura har soja ya ga dalilin fitowa. Soja kuma ya koyi abin da ya fi duka haɗari, cewa idan ya zaɓi ranar da jama'a ke fushi, za a tarbe shi da guɗa.

Ba mu tsaya nan ba, har rubuta masa muka yi. Tsarin mulkin 1999 ya ƙunshi ayar afuwa ga waɗanda suka yi juyin 27 ga Janairu 1996 da na 9 ga Afrilu 1999. Na biyun nan shi ne wanda aka harbe shugaban ƙasa Ibrahim Bare Mainassara a filin jirgin sama na Yamai, da hannun dogaran da ke tsaronsa. Tsarin mulkin 2010 shi ma ya zo da tasa afuwar ga masu juyin 18 ga Fabrairu. Sau biyu ke nan muka sa a cikin littafin da shugaban ƙasa yake rantsuwar karewa cewa wanda ya keta shi da bindiga ba abin da zai same shi, muddin ya yi nasara. Shi kansa Bare, a 1996 ya shigo ne da sunan raba faɗan shugaban ƙasa Mahamane Ousmane da firaministansa Hama Amadou, da ya tsayar da aikin gwamnati cak. Mutane da yawa sun ce gara haka. Wata shida bayan nan ya tsaya takara, ana cikin ƙirga ƙuri'a ya rushe hukumar zaɓe, ya naɗa tasa, ta ce shi ya ci.

Kuma juyin 2010 bai warkar da cutar da ya zo dominta ba. Issoufou, wanda ya sha gwagwarmaya da tazarce, ya cika alƙawari ɗaya babba: ya yi wa'adi biyu ya sauka, kuma wannan abin yabo ne da ba za a ƙwace masa ba. Amma a zamaninsa ne aka yi zaɓen 2016 alhali babban abokin hamayyarsa, Hama Amadou, yana kurkukun Filinge, 'yan adawa suka janye daga zagaye na biyu, aka ce shugaban ƙasa ya samu kashi 92, adadin nan dai na zaɓen Tandja. A zamaninsa hana zanga-zanga ya zama ruwan dare. A 2018 aka kulle shugabannin ƙungiyoyin farar hula irin su Moussa Tchangari da Ali Idrissa da Nouhou Arzika saboda sun yi adawa da dokar kasafin kuɗi. An kashe mana sojoji 71 a Inates a Disamba 2019, aka kashe 89 a Shinagodar a Janairu 2020, sai ga binciken ma'aikatar tsaro ya fito da biliyoyin sefa da suka salwanta a kwangilolin makamai, ba mu kuma ga wani babba ya kwana a kurkuku saboda su ba. Wanda yake mamakin yadda matasa suka cika filin wasa na Seyni Kountche a Agusta 2023 suna yi wa soja kirari, ya koma ya karanta waɗannan shekarun. Gwamnatin da aka zaɓa idan ta mai da ƙuri'a abin wasa, ita ce take rage wa ƙuri'a daraja a idon mai jefa ta.

Sai dai a dubi wanda aka kifar ranar 26 ga Yuli 2023. Mohamed Bazoum bai yi tazarce ba. Bai rushe majalisa ba, bai rushe kotu ba. Shekara biyu da 'yan watanni ya yi a kan mulki, bayan miƙa mulki na farko a tarihin ƙasar daga zaɓaɓɓe zuwa zaɓaɓɓe, ranar 2 ga Afrilu 2021. Mai ƙorafi a kan yadda aka zaɓe shi yana da hujjarsa, mai ƙorafi a kan sojojin Faransa ma haka. Amma wanda ya tsare shi, Janar Abdourahamane Tiani, shi ne shugaban dogaran fadar tun 2011, wato yana tsakiyar gwamnatin nan da ake kuka da ita tun ranarta ta farko. Ƙofar da muka buɗe a 2010 saboda dalili mai ƙarfi, ita ce aka bi a 2023, kuma wanda ya bi ta bai tsaya neman dalili irin na wancan karon ba. Ya shiga tukuna, dalilan suka biyo baya.

An kori sojojin Faransa, sun gama fita a Disamba 2023. Na Amurka sun bar sansaninsu na Agadas a 2024. Mutane da yawa sun ji daɗin wannan, ni ma ba zan ɓoye ba, akwai abin da ya sosa mini inda yake ƙaiƙayi. Amma a watan Maris 2025 aka rantsar da Janar Tiani shugaban ƙasa na shekara biyar ba tare da an jefa ƙuri'a ko ɗaya ba, wa'adin ma an ce yana iya sauyawa gwargwadon halin tsaro. Aka rushe jam'iyyun siyasa baki ɗaya. Sunayensu duk da harshenmu aka raɗa su, Nassara, Tarayya, Rahama, Lumana, Zaman Lafiya, Jama'a, kuma ko da shugabanninsu sun ci amanar sunayen, a ƙarƙashinsu ne manomi ya saba tashi a taro ya gaya wa ɗan majalisa baƙar magana. Tandja shekara uku ya nema muka ce ba mu yarda ba. Bazoum da matarsa sun haura shekara biyu a tsare ba a gurfanar da su ba. Moussa Tchangari, wanda zaɓaɓɓiyar gwamnati ta kulle, gwamnatin soja ta sake kama shi a Disamba 2024. A watan nan na Maris 2025 da aka rantsar da Tiani, ranar Juma'a cikin azumi, aka kashe mutum 44 a masallacin Fambita da ke jihar Tillaberi. A da, irin wannan labari yana da majalisar da za a kai shi, da ɗan adawar da zai tsaya ya kira minista ya zo ya yi bayani. Yanzu wa zai tambaya, kuma a ina zai kwana idan ya tambaya?

Wanda yake ganin namu ne ya zo da tsautsayi, ya leƙa Gini. Alpha Conde ya shafe shekaru yana adawa, ya yi gudun hijira, ya yi kurkuku a zamanin Lansana Conte, aka zaɓe shi a 2010 da fatan alheri. A 2020 ya canza tsarin mulki ya tsaya karo na uku, matasa suka fito ƙarƙashin ƙungiyar kare tsarin mulki ta FNDC, jami'an tsaro suka kashe da dama daga cikinsu a titunan Konakiri. Ranar 5 ga Satumba 2021 Kanar Mamady Doumbouya, kwamandan runduna ta musamman da shi Conde ya kafa, ya kama shi. Duniya ta ga hoton tsohon yana zaune a kujera, riga a buɗe, ƙafa ba takalmi, sojoji kewaye da shi. Konakiri ta ɓarke da murna, aka sako fursunonin siyasa, Doumbouya ya rantse cewa shi da mutanensa ba za su tsaya takara ba. A 2022 ya hana zanga-zanga, ya kuma rushe FNDC ɗin nan da jinin 'ya'yanta ya share masa hanya. A watan Yuli 2024 aka ɗauke biyu daga cikin jagororinta, Fonike Mengue da Mamadou Billo Bah, ba a sake ganinsu ba. A Satumba 2025 aka amince da sabon tsarin mulki da ya buɗe masa ƙofar takara, a Disamba ya tsaya, aka ce ya ci. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

A Mali ma jama'a ce ta yi wata da watanni a titi a 2020 bayan kotun tsarin mulki ta juya sakamakon wasu kujerun majalisa, soja ya zo ya ɗauke nasarar ranar 18 ga Agusta. Imam Mahmoud Dicko da ya ja gaban zanga-zangar ya ƙare da zama a Aljeriya, jam'iyyu kuma an rushe su a 2025. A Gabon an kawo ƙarshen mulkin gidan Bongo na shekara 56 a Agusta 2023, shugaban dogaran fadar ya hau, ya shirya zaɓe a Afrilu 2025, ya lashe da sama da kashi 90.

'Yan'uwanmu na Najeriya, ƙetaren Jibiya, ba sa buƙatar a ba su labarin wasu. Zaɓen 1983 ya zo da maguɗi har an ƙone gidaje a jihar Ondo, kuma lokacin da muryar Birgediya Sani Abacha ta fito a rediyo ranar 31 ga Disamba tana sanar da kifar da Alhaji Shehu Shagari, mutane da yawa sun yi hamdala. Abin da aka manta shi ne, kafin ranar kotu ta riga ta karɓe kujerar gwamnan Ondo daga wanda aka ba shi ta mai da wa Michael Ajasin. Gyaran yana tafiya, ko da a hankali ne. Soja ya katse shi, ya kuma zauna har 29 ga Mayu 1999, da doka ta biyu mai tsare mutum ba shari'a, da soke zaɓen 12 ga Yuni 1993, da tazarcen da muka aro daga baya.

Na san tambayar da za a yi mini, domin ni ma ita na yi wa Kawu. Idan shugaba ya rushe kotu, ya rushe majalisa, ya sayi hukumar zaɓe, me ake so talaka ya yi, ya naɗe hannu? Ba ni da amsa mai daɗi. Hanyar da ta rage doguwa ce, mai cin rai, wani lokaci mai cin rayuka. A 2009 ƙungiyoyin ƙwadago suna tsaye, lauyoyi suna tsaye, manyan 'yan adawa da ba sa ga maciji da juna sun haɗa kai, kuɗin waje ya tsaya, kuma cikin jam'iyyar Tandja kanta akwai ɓaraka. Wataƙila da an bar mu da shi sai mu yi shekara biyu ko uku muna jan igiya. Da mun kayar da shi da hannunmu, da abin da ya rage a ƙasa shi ne jama'ar da ta san yadda ake kayar da mai taurin kai. Tun da soja ne ya yi, abin da ya rage shi ne sojan da ya san yadda ake yi.

Kuma an yi hakan a maƙwabta, da idonmu mun gani. Ranar 16 ga Mayu 2006 majalisar dattawan Najeriya, Ken Nnamani yana kan kujera, ana nunawa kai tsaye a talabijin, ta yi watsi da gyaran tsarin mulkin da zai ba Obasanjo wa'adi na uku. Daga ranar ba wani shugaban Najeriya da ya sake gwadawa. A Senegal, Abdoulaye Wade ya nace sai ya yi na uku a 2012, aka bar shi ya tsaya, ƙuri'a ta kore shi. A Fabrairu 2024 Macky Sall ya ɗage zaɓe saura 'yan makonni, bayan shekarun da aka kulle 'yan adawa aka kuma kashe masu zanga-zanga. Duk abin da sojan wata ƙasa zai kafa hujja da shi ya cika. Sojan Senegal bai fito ba. Kotun tsarin mulki ta soke ɗagewar ranar 15 ga Fabrairu, aka yi zaɓe ranar 24 ga Maris, Bassirou Diomaye Faye, wanda kwana goma kafin nan yana kurkuku, ya ci a zagayen farko.

Ba ina cewa soja ya zama gunki yana kallo ana zalunci ba. Yana da abin yi, kuma mai girma ne: ya ƙi harbin mutanen da suka fito da hannu biyu, ya ƙi zama sandar da za a daki alƙali da ita. A Satumba 2015 a Burkina Faso, da Janar Gilbert Diendere da dogaran tsohon shugaba Blaise Compaore suka kama shugabannin riƙon ƙwarya, jama'a ta tare hanyoyi, ma'aikata suka tafi yajin aiki, rundunonin soja daga sauran garuruwa suka nufo Wagadugu. Da suka iso, mai da shugaban riƙon ƙwarya Michel Kafando kan kujerarsa suka sa aka yi, cikin mako guda. Ba wanda ya ce tun da ya zo bari ya ɗan zauna. Da Salou Djibo ya yi irin wannan a 2010, ya maido da kotun da aka rushe da majalisar da aka kora ya bar su su yanke hukunci a kan Tandja, da labarin da nake bayarwa ya bambanta.

CEDEAO kuwa ta zubar da mutuncinta tun kafin 2023. A 2015 an kawo shawarar a sa iyakar wa'adi biyu ta zama doka a kan duk ƙasashen ƙungiyar, Togo da Gambiya suka ƙi, aka ajiye maganar. Conde ya yi na uku a 2020, Alassane Ouattara ya yi a Kodebuwa a shekarar nan, ba a rufe wa kowa iyaka ba. Da aka zo kan Nijar aka rufe iyaka, aka yanke wutar lantarki, aka yi barazanar yaƙi, farashin shinkafa da magani ya tashi a kan talakan da bai san an shirya juyin ba. Wannan ya ƙara wa sojojin farin jini fiye da duk jawabin da suka yi. Mai son a daina tafa wa juyin mulkin bariki, ya fara da hukunta wanda ake yi da biro a ofishin shugaban ƙasa.

Kawu ya rasu kafin 2023, Allah ya jiƙansa. Rediyon nan nasa yana hannun jikansa, ɗan yayata, wanda aka haifa a 2004. Yana shekara shida a daren da na tafa wa soja, bai cika goma sha takwas ba lokacin zaɓen ƙarshe na Fabrairu 2021. A daren 26 ga Yuli ya kira ni, muryarsa tana rawa don murna.

"Kawu, ka ji? An gama da su!"

Na ce masa ya zauna tukuna, na tambaye shi wa ya gama da su. Ya yi dariya, ya ce ni ma na fara tsufa. Ban ji haushinsa ba, domin na san inda yake masa ciwo: ya gama makaranta ba aiki, abokinsa na aji ya shiga soja bai dawo ba. Kwanan baya da muka haɗu a wani suna, ya jawo ni gefe ya rage murya kafin ya fara maganar gwamnati, ya waiga hagu da dama, abin da ban taɓa ganin ya yi ba. Bai taɓa dangwala yatsa a tawadar zaɓe ba. Idan an cika alƙawarin shekara biyar ɗin ba a ƙara ba, zai jefa ƙuri'arsa ta farko a 2030, yana da shekara ashirin da shida.